Na gama karatu a Sifaniya, ina so in goya jaka in zaga kafin in koma gida

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne ɗan Katsina, shekarata 23. Jami'armu ta turo ni Granada ta ƙasar Sifaniya, na yi zangon karatu guda a shirin musayar ɗalibai na Erasmus. Ranar 30 ga Yuni zan rubuta takardar ƙarshe. Abokaina uku, Jamusawa biyu da wani ɗan Foland, sun shirya goya jaka su yi mako biyar suna yawo. Za su fara da Sebiliya, su tsallaka Maroko, su dawo Lisbon, su wuce Roma, sai 5 ga Agusta za su watse. Sun ce in zo mu tafi. Na tara yuro 900 daga alawus ɗina. Bizata za ta ƙare 20 ga Yuli, amma sun ce babu mai duba takarda tsakanin ƙasashen nan. Baba kuma ya ce da zarar na ajiye biro in kamo hanya. Har na fara tunanin in ce masa an ɗage jarrabawa. Wallahi ban san ko zan ƙara samun irin wannan dama ba. Yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba da sa'a a takardar da ta rage.

Ina son ka yi tafiyar nan, kuma da ita na fara don kada ka ɗauka wani babba ne ya zo ya kashe maka gwiwa. Gaskiyarka ne da ka ce damar ba lallai ta dawo ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin neman biza a Abuja ko Legas ya san abin da ake sha kafin a manna wa koren fasfo wannan takardar. Kai ga ta a hannunka, ga ƙuruciya, ga ɗan abin da ka tara da haƙuri. Sai dai tafiyar da abokanka suka tsara, sun auna ta ne da fasfon aljihunsu, kuma naka ba irin nasu ba ne.

Ba yaudararka suke yi ba. Abin da suka sani suka faɗa maka. Bajamushe zai tashi daga Granada ya kwana a Lisbon, ya wayi gari a Roma, da katin shaidar ƙasarsa kaɗai, ba mai ce masa kanzil, don doka ta ba shi. A rayuwarsa bai taɓa ƙirga kwanakin da suka rage masa a wata ƙasar Turai ba. Maroko ma ba ta neman biza a wurinsa. Kai kuwa zamanka duka rataye yake da wannan kwanan watan, 20 ga Yuli. Matuƙar bizar karatunka na da rai, kana da ikon shiga sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, su 29 ne yanzu har da Sifaniya, ka yi har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Fotugal na ciki, Italiya na ciki, Faransa na ciki. Ranar da ta mutu, wannan ikon ya bi ta. Daga 21 ga Yuli zuwa 5 ga Agusta kwana 16 ne, kuma a cikinsu duka sunanka mai zama ba bisa ƙa'ida ba, ko a gadon masauki kake kwance ba ka taɓa kowa ba. Kada ka sa rai za a tsawaita maka. Ana tsawaita bizar karatu ga wanda karatunsa ya ci gaba, ba a yi wa mai son yawon buɗe ido.

Batun cewa babu mai dubawa, bari in gaya maka abin da idona ya gani. Shekarun baya, ina ɗalibi kamarka, na hau bas ɗin dare daga wata ƙasa zuwa maƙwabciyarta. Wajen ƙarfe uku direba ya gangara gefen titi, ya kunna fitilun ciki. Jami'ai biyu suka shigo da tocila. Suka wuce kujeru da dama ba su ko kalli masu barci ba, suka tsaya a kaina da wani saurayi da ke bayana, wanda tun a tasha muka gaisa ya ba ni gyaɗa. Ɗaya ya karɓi katina, ya haska, ya juya bayansa, ya haska, ya miƙo mini. Na saurayin nan kwanansa tara da ƙarewa. Ina jin sa yana rantsuwa cewa ya nemi sabuntawa, takardar na gida. Aka ce ya sauko da jakarsa. Muka tashi muka bar shi a bakin titi yana ɗaura igiyar takalmi, gorar ruwansa tana ta gangarawa ƙarƙashin kujeru har gari ya waye. Har yau in na tuna da shi raina yana ɓaci. Tun ƙarshen 2015 Faransa take sabunta binciken iyakokinta, Jamus kuma ta shimfiɗa nata a duk iyakokinta na ƙasa tun Satumbar 2024. In aka shigo mota, ni da kai mun san fuskar da ake fara tsayawa a kanta. Ba adalci ba ne, amma kariyarka a wannan lokacin ita ce takarda mai rai.

A ce ma ka tsallake wannan duka. Masaukai a Sifaniya doka ta wajabta musu rubuta bayanan fasfon baƙo. Kamfanonin jiragen sama masu araha kan duba bizar wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba kafin ya hau. Sannan ga ƙofar da ba ta da zagaye, wato teburin jami'in shige da fice ranar da za ka fita. Zai buɗe fasfo ya ga kwanan wata. A dokar Sifaniya zama ba izini babban laifi ne, tararsa tana farawa daga yuro 501, kuma yana iya kai mutum ga kora da hana shiga. Ko a bar ka ka wuce ba tara, ranar fitarka tana nan a rubuce a wurinsu. Bayan shekara biyu, in ka nemi gurbin digiri na biyu a Jamus ko Holan, wannan za a fara dubawa. Kuma ba kai kaɗai abin zai shafa ba. Yarjejeniya ce tsakanin jami'o'i biyu ta kawo ka. Akwai yaro ko yarinya a ajin da ke bayanka da ke jiran gurbin baɗi, kuma ofishin da ya aiko maka da takardar gayyata yana tuna waɗanda suka koma a kan lokaci.

Maroko ka cire ta daga lissafin bana. Na san tana ja, daga Tarifa, a ƙarshen kudancin Sifaniya, kana hango duwatsunta, jirgin ruwa kuma sa'a guda ya kai ka Tanja. Amma ɗan Najeriya sai da biza, kuma ta intanet ɗin da suke ba masu takardun Turai tana son a ga sauran kwanaki masu yawa a takardar, abin da taka ba ta da shi. Ka kuma duba bizarka wurin da aka rubuta adadin shiga. In ka ga MULT, shiga da yawa ke nan. In ka ga 01, da ka taka jirgin nan ka fita Shengen, ba ka da hanyar komowa, kayanka na Granada, tikitinka na Madrid. Maroko kuwa ba gudu za ta yi ba, daga gida ma ana zuwa.

Sai kuɗi. Ka raba 900 gida 35, kowace rana ba ta kai yuro 26 ba. A watan Yuli, lokacin da duk Turai ta fito yawo, wannan da ƙyar ya biya maka gado ɗaya a ɗakin mutum takwas a Lisbon ko Roma, ba a zo ga ci ba, ba a zo ga mota ba. Su in aljihu ya bushe, saƙo ɗaya za su tura gida a cika musu da yuro. Kai in naka ya bushe, sai an canza naira. Amma in ka mai da tafiyar kwana 12, ka ware yuro 50 kowace rana, 600 ke nan. Ragowar 300 ka biya kuɗin sauya ranar tikiti, ka sayi inshorar lafiya, abin da ya saura ka naɗe shi daban kada ka taɓa. Inshorar nan kada ka yi wasa da ita. Wadda aka yi maka ta karatu yawanci tana ƙarewa da ƙarewar zango, ka buɗe takardar ka duba. Abokanka suna da katin lafiya na Turai da ke bin su duk inda suka je a Tarayyar Turai, kai ba ka da shi, kuma targaɗe ɗaya a kan duwatsun titin Lisbon ya isa ya cinye abin da ka tara wata biyar.

Kafin ka ɗaura jaka, ka ba Granada kwana huɗu ko biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je ofishin ɗaliban waje su sa hannu su buga hatimi a takardar shaidar kammala zama, da kwanan watan zuwanka da na gamawarka. Ka tambayi yadda takardar sakamakonka za ta isa jami'arku, da hannun wa za ta shiga, ka karɓi naka kwafin in ya fito. Ka cike rahoton ƙarshe na Erasmus da za a turo maka ta imel, don yawanci akwai kason alawus da ake riƙewa sai an cike shi. A watan Agusta jami'o'in Sifaniya kusan a rufe suke, in ka bar wani abu a baya sai Satumba za a amsa maka, kai kuma a lokacin kana gida ana neman makinka don rajista. Ka zauna da mai gidan da ka yi haya, ku duba ɗaki tare, ku yi magana a kan kuɗin ajiyarka, kuma kada ka rufe asusun banki sai sun shigo. Babban akwatinka ka bar shi wurin wanda ka yarda da shi.

In da ni ne kai, ga yadda zan bi. Ranar 5 ga Yuli in tashi zuwa Kordoba, tafiyar wajen sa'a ɗaya da rabi a jirgin ƙasa, bas ya fi araha ya fi daɗewa. In ba ta kwana biyu cur. Ka shiga babban masallacin da sassafe kafin jama'a su cika shi. Abdurrahman na Ɗaya ne ya fara gina shi wajen 785, waɗanda suka biyo shi suka yi ta faɗaɗawa, ginshiƙansa sun haura 850, bakuna ja da fari a jere har inda ido ya tsaya. Ka tsaya gaban mihirabin da Alhakam na Biyu ya ƙawata, ka karanta ayoyin da ke jikinsa da kanka, ba ka bukatar mai fassara. Zuciyarka za ta motsa, za ka ji kamar ka ta da kabbara. Kada ka yi. Tun 1236 wurin yake coci, masu gadi za su hana ka, kuma ba ranar jayayya ba ce. Ka yi addu'arka a zuci, ka fito farfajiyar lemo ka zauna a inuwa. Washegari ka je Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya gina 'yan kilomitoci daga gari, wanda bai cika shekara ɗari ba aka rushe shi. Daga nan Sebiliya, minti 45 a jirgi mai sauri, inda hasumiyar Giralda take, wadda asalinta hasumiyar kiran salla ce. A nan za ka haɗu da abokanka ku yi kwana biyu tare, ku ci, ku yi hoto, ka raka su tasha. Su yi kudu, kai ka hau bas zuwa Lisbon, don babu jirgin ƙasa kai tsaye, tafiyar wajen sa'a shida zuwa bakwai ce. Kwana uku sun isa. Ka dawo Granada ka ɗauki akwati, ka wuce Madrid, in lokaci ya ba ka ka leƙa Toledo, rabin sa'a ce a jirgi. Ka tashi 17 ga Yuli. Kwana ukun nan da na bar maka na jirgin da aka soke ne, ko yajin aiki, ko zazzaɓi. In kuma jirginka zai yada zango a Faris ko Frankfurt, ka sani a can za ka bi teburin fita daga Shengen, don haka har can ake ƙirga maka.

In har wata biyar ɗin nan ba ka shiga Alhambra ba, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Granada, kamar yadda ɗalibai da yawa ke cewa sai gobe har su tafi, ka sayi tikiti yau. Da sunanka da lambar fasfonka ake sayarwa, fadojin sarakunan Banu Nasr da ke cikinta kuma suna da sa'ar shiga da ba a ɗaga wa kowa, kuma a bazara tikitin kan ƙare makonni kafin ranar.

Sauran ƙananan abubuwa ne, ka san rabinsu. Jaka ta zama wadda za ka iya goyo sa'a guda ba ka sauke ba: kaya kala uku, silifas na wanka, ƙaramin kwaɗo na loka, siririyar darduma. Zafin Kordoba da Sebiliya a Yuli yana haura digiri 40. Ɗan Katsina ba baƙon rana ba ne, amma a gida ba ka yawo da kilo takwas a baya da azahar, don haka ka yi yawonka da safe da yamma, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi. Fasfo a jikinka ƙarƙashin riga, hotonsa da na biza a imel ɗinka, don 'yan sane a taragon Lisbon sun ƙware. In ya ɓata, ofishin jakadancinmu zai ba ka takardar gaggawa, amma gida kawai take kai mutum. Layin wayarka na Sifaniya zai yi aiki a Fotugal ba ƙarin kuɗi, lambar agaji kuma 112 ce a duka biyun. A Fotugal naman alade porco ne, kitsensa banha. Salla kuwa an sauƙaƙa maka, kai matafiyi ne, ka yi kasaru matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ba. A ɗakin haɗaka nakan tashi da asuba in shimfiɗa darduma tsakanin gadaje ba tare da na kunna fitila ba, kuma ban taɓa samun wanda ya tanka ba.

Yanzu mu zo ga Baba, don nan ne hankalina ya fi tsayawa a wasiƙarka. Kada ka ce masa an ɗage jarrabawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a zamanin da abokinka zai sa hotonku a Instagram, wani ɗan ajinku ya gani, ya nuna wa ƙanwarka. Ko ba a kama ka ba, ka duba abin da za ka jawo wa kanka. Kullum ya kira sai ka nemi lungu mara hayaniya ka ce kana ɗakin karatu. Ya yi maka addu'ar cin jarrabawar da babu ita, ka ce amin. Ka tsaya a gaban mihirabin Kordoba da wannan a ƙirjinka. In kuma wani abu ya same ka a hanya, Allah ya kiyaye, mutanen gida suna nemanka a garin da ba ka ciki.

Ka tambayi kanka abin da yake tsoro. Ba ganin gari yake ƙi maka ba. Ya ji labarin 'ya'yan mutane da suka tafi karatu suka narke a Turai, shekara goma ba amo ba labari. Kalmar yawo a kunnensa ba ta da daɗi, a gidajenmu yaron da aka ce yana yawo ba yabonsa aka yi ba. Ka ba shi abin da zai kashe wannan tsoron, wato ranar dawowa. Ka binciki kuɗin sauya tikiti tukuna, ka rubuta garuruwan da kwanakinsu, sannan ka kira shi a lokacin da ka san yana zaune a natse. Ka fara da cewa ranar 17 ga Yuli za ka taso in Allah ya yarda, kwana uku kafin bizarka ta ƙare. Ka gaya masa kuɗinka ne da ka tara, ba ka neman ko kwabo. Ka ce izini kake nema, kuma ka nufi hakan har zuciya. In ka san maganar Mama ta fi shiga, ko akwai wani kawu da Baba ke jin nauyinsa, ka fara bi ta can, wannan ba wayo ba ne, haka ake yi.

Kuma ka kira garuruwan da sunayen da ya sani. Kordoba ba za ta ce masa komai ba, amma ka ce Ƙurɗuba ka ji yadda muryarsa za ta sauya. Muwaɗɗar da ake karantawa a zaurukanmu ruwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba, a can ya rayu a can aka binne shi. Alfazazi mai Ishiriniya a can aka haife shi. Alƙali Iyal mai Ashafa ya yi alƙalanci a Garnaɗa, garin da kake zaune wata biyar. Ƙasar da malamanmu suka yi shekaru suna ambata a karatu ba su taɓa gani ba, ɗansa yana tsaye a cikinta. Ka yi masa alkawarin kiran bidiyo daga farfajiyar masallacin, ka juya wayar ya ga hasumiya da itatuwan lemo, ya kira abokansa su leƙa.

Yana iya cewa a'a duk da haka. Wataƙila akwai abin da ke faruwa a gida da ba a gaya maka ba don kada a raba maka hankali lokacin jarrabawa, iyaye suna yin haka. In ya ce a'a, ka sake roƙo sau ɗaya cikin ladabi, ka rage kwanakin zuwa biyar, ka cire Lisbon. In ya tsaya a kan bakansa, ka bi. Zai yi maka ciwo, ba zan ce ba zai yi ba. Amma kwanakin nan huɗu na haɗa takardu dole ne ka yi su ko ta yaya, kuma shi ma zai gane haka. Ka roƙe shi yini ɗaya a cikinsu. Ka kama jirgin farko zuwa Kordoba, ka shiga masallacin kafin rana ta yi zafi, ka ci abincin rana a bakin kogin Guadalquivir, wanda sunansa ma Wadil Kabir ne aka lanƙwasa, ka dawo Granada ka yi magariba a masallacin Albaisin, inda daga lambunsa kake kallon Alhambra a tsallaken kwari.

Ka rubuto mini yadda kuka yi da Baba. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.